Tun safe nake kan keke har dare amma kuɗi ba sa zama, wane aiki zan rage?

Telan Layi:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema musamman wajen waɗanda suka daɗe a sana'a. Ni tela ne a nan Kano, shekara ta tara kenan da maigidana ya yaye ni na buɗe nawa shagon, kekuna uku gare ni da yara biyu masu koyo. Alhamdulillah aiki ba ya yanke min, bakwai da rabi na safe na buɗe wani lokacin sai sha ɗayan dare nake rufewa, in azumi ya zo kuwa a shagon muke sahur. Amma wlh in wata ya ƙare na cire kuɗin haya da na fetur da zare da ɗan abin da nake ba yaran, abin da ke saura da ƙyar yake riƙe cefanen gida, tun da aka cire tallafin mai a 2023 ma abin ya ƙara tsanani don janareta kaɗai ya isa ya cinye ribar mutum.

Komai karɓa nake yi, kaftani, babbar riga, yunifom na 'yan makaranta, rage wando, canza zif, faci, har labule da rigar filo in an kawo ba na mayarwa.

Bari in ba ku misalin jiya kawai. Na shimfiɗa shaddar wani bawan Allah a kan tebur na zana da alli na ɗauki almakashi kenan sai ga yaron maƙociyarmu da wandon makaranta ya yage a tsakiya, wai Mama ta ce yanzu-yanzu don za shi Islamiyya, na ajiye na yi masa. Ina gamawa sai ga mai adaidaita zif ɗin jakarsa ya lalace ya tsaya a kaina yana jira, bayansa wani ya kawo wanduna biyu a rage tsawo, kafin in ankara an kira azahar shaddar nan tana nan a shimfiɗe ko yanka ɗaya ban yi ba. Mai ita kuma ya kira ni sau biyu, a na biyun ya ce min Malam in ba za ka iya ba ka faɗa min in zo in karɓa, wlh na ji nauyi ƙwarai don mutumin kirki ne kuma bai taɓa riƙe min ko sisi ba.

Ƙanina da ke karatu ya ce min wai akwai wata magana da masana ke yi cewa ayyuka kaɗan ne ke kawo yawancin abin da mutum ke samu, wai in nemo su in riƙe. To ni ban san ta inda zan fara ba. In daina karɓar gyara ne? To maƙwabta fa, da wane ido zan kalle su? Wanda ya taɓa shiga irin wannan ya taimaka min.

Alhaji Mai Shago:

Wa alaikumus salam. Ɗana Allah ya yi wa sana'arka albarka. Ni ba tela ba ne, shagon kayan masarufi gare ni kuma na haura shekara ashirin ina sari a kasuwar Singa, amma ciwon naka na yi irinsa sai dai ni nawa a kan kanta yake ba a kan keke ba.

Da can burina a ce duk abin da aka tambaya a shagona akwai, in na shiga kasuwa sai in raba kuɗin ɗan wannan ɗan wancan, turare kala biyar, man shafawa kala bakwai, biskit iri-iri, kofuna, tocila. Shago ya cika maƙil kowa ya shigo sai ya yaba, amma ranar Laraba sai ka ga taliya ta ƙare, sikari ya ƙare, man girki ya ƙare, kuma babu kuɗin sarowa don kuɗin suna kwance a kanta sun yi kwantai ƙura na hawansu. Mai neman taliya kullum yake zuwa, mai neman turare sai sallah. In ka ce wa mai taliya babu sau biyu to na uku shagon gaba zai tafi, kuma in ya tafi da cinikin madararsa da sabulunsa da Magginsa zai tafi.

Abin da ya cece ni littafi ne na naira kaɗan. Wata ɗaya cur duk abin da ya fita sai an rubuta, ko ashana ce. Da na zauna na duba sai na ga kayan da ke juya min kuɗi a zahiri ba su kai kala ashirin ba a cikin abin da ya fi kala ɗari biyu. Daga ranar na sa wa kaina doka, in na shiga Singa waɗannan nake fara cikawa, abin da ya rage shi ke zuwa kan sauran, waɗanda suka yi kwantai kuma na karyar da su na karɓi uwar kuɗina, wasu ma da faɗuwa.

Don haka kar ka yanke komai yanzu da ka. Ku teloli ai kuna da littafin awo, in kana rubuta abin da aka kawo da kuɗin da aka yi, ɗauko na wata uku ka zauna bayan isha'i ka ware su gida-gida. Kuma ka lura, ba kuɗin da ya shigo za ka duba ba, abin da ya zauna a hannunka bayan ka cire zare da mai da kuɗin mai aiki, sannan ka tambayi kanka awa nawa ya ci maka. Sikari yana kawo kuɗi da yawa a shago amma ribarsa 'yar kaɗan ce, wanda bai san wannan ba sai ya ga aljihu a cike ya ɗauka nasa ne.

Malamin Lissafi:

Malam Tela, abin da ƙaninka ya faɗa maka gaskiya ne kuma yana da asali. Wani masanin tattalin arziki ne ɗan Italiya mai suna Vilfredo Pareto, ya koyar a jami'ar Lozan da ke Suwizalan, a shekarun 1890 ya yi ta bibiyar yadda dukiya da kuɗin shiga suke rabuwa tsakanin mutane sai ya ga kullum 'yan kaɗan ne ke riƙe da kaso mafi tsoka, abin da aka fi ambata daga gare shi shi ne kusan kashi 80 na filayen Italiya suna hannun kashi 20 na mutanen ƙasar. Shi a kan dukiya ya yi maganarsa. Wanda ya ɗauko ta ya kai ta masana'antu wani injiniya ne a Amurka, Joseph Juran, haifaffen Romaniya, aikinsa kula da ingancin kayan da ake ƙerawa ne, ya lura cewa in kaya suna fitowa da aibi to yawancin aibin daga dalilai biyu ko uku yake fitowa ba daga hamsin ba, in ka toshe waɗannan ka gama da yawancin matsalar. Shi ya laƙaba wa abin sunan Pareto, kuma a 1954 ya je Japan ya koyar da manyan kamfanoninsu. Ko kamfanin Microsoft a 2002 shugabansa na lokacin Steve Ballmer ya ce sun gano kusan kashi 20 na kurakuran manhajarsu ne ke jawo kashi 80 na matsalolin da mutane ke fuskanta, kashi 1 kacal kuma shi ke jawo rabi.

Amma abu biyu nake so ka riƙe don ina ganin yadda matasa ke yawo da wannan 80 da 20 ɗin a Facebook kamar wata doka ce da ba ta canzawa. Na farko ba dole lambar ta zama haka ba, kai naka zai iya fitowa 60 da 25 ko 90 da 10, ba ma dole su haɗu su ba da ɗari ba don abubuwa biyu ne daban ake ƙirgawa, ɗaya yawan ayyuka ɗaya yawan kuɗi. Abin da ake nufi kawai shi ne ayyuka ba nauyinsu ɗaya ba. Na biyu shi kansa Juran da farko yana kiran sauran ayyukan da marasa muhimmanci, daga baya ya gyara ya koma kiransu masu amfani, don ya ga mutane na ɗauka cewa aka yi a watsar da su.

Ni a aji nake ganin abin. Yaro zai zana JAMB, tambaya 180 ce, 60 na Turanci sauran darussa uku 40 kowanne, sai ka ga ya kwashe wata biyu yana kwafe littafi daga bango zuwa bango da kyakkyawan rubutu ya gaji ya ɗauka ya yi karatu, alhali da ya ɗauki tambayoyin shekarun baya ya ga inda yake faɗuwa ya zauna a kansu da ya fi masa. Gajiya ba ita ce shaidar an yi aiki ba, wannan ne ke da wuyar karɓa don mu mun taso ana yaba mana wahala.

A labarinka abin da na gani shi ne wanda ke tsaye a kanka shi kake fara sallama, mai shadda kuma da yake yana gida ko ofis ba ka ganin fuskarsa sai ya koma baya, alhali wataƙila shi ne ke biya maka hayar shagon. Bi shawarar Alhaji ka ƙirga mu gani.

Hajiya Mai Ɗinkin Mata:

Ƙanina ni dai ina roƙonka kar ka ji an ce 80 da 20 ka wayi gari ka ce ka daina gyara. Ni ma ɗinki nake a Zariya, a gida nake yi, kuma babbar kwastomata a yau wadda duk bikin gidansu ni ke ɗinka ankon, da zif ta fara zuwa wajena. Zif ɗin siket na canza mata ta ga hannuna ya yi tsaf, bayan wata biyu ta dawo da atamfa kala uku, yanzu lefen 'ya'yanta ma nan ake kawowa. Da na kore ta ranar nan fa? Gyara ƙofa ce, ta nan ake gwada ka. Kuma mu a nan maƙoci yana da haƙƙi, ranar da shagonka ya samu matsala ko yaronka ya ɓata a layi ba mai shadda ne zai fito ba, uwar yaron nan mai wandon makaranta ce za ta fito. Wannan ba ya shiga littafin lissafi amma yana nan.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne kai da hannunka kake yi. Yara biyu gare ka a shago me suke yi? Yaron da ya yi wata shida a kan keke ai ya isa ya rage wando ya yi faci, da wannan ake koyo ma, mu da shi muka koya. Ware keke ɗaya kusa da ƙofa ka ce wannan na gyara ne, ka duba in sun gama, ka bar musu wani abu a cikin kuɗin su ma su ji daɗi. Kai kuma yanka naka ne, don yanka shi ne ɗinki, in aka ɓata shaddar mutum a yanka babu keken da zai gyara ta, kuma ba a yin sa ana hira ana amsa sallama. Taura biyu ba ta taunuwa.

Ni bayan na sallami yara makaranta har zuwa sha ɗaya ba na taɓa waya ba na karɓar kowa, yanka kawai nake yi, da farko an yi ta ƙorafi wai na fara girman kai amma da suka ga kayansu na fitowa ranar da na ce sai maganar ta mutu. Sannan ka dinga karɓar kafin alƙalami ko rabi ne, kuma in azumi ya kai goma ka rufe karɓar ɗinkin sallah, wannan karɓa har daren sallah ɗin shi ke zubar mana da mutunci mu teloli, a yi ta ce mana maƙaryata alhali kunyar cewa a'a ce ta kai mu.

Bazamfare:

Ɗan'uwa ni manomi ne amma wagga magana ta shafe mu. Wata shekara munka kama gona ukku ni da ƙanena don muna son amfani da yawa, munka shuka masara duka, da lokacin noman firi ya zo hannu bai isa ba, muna wagga ciyawa na cinye waccan. Masara kuwa satuttukan farko su ne rayuwarta, in haki ya rufe ta cikin sati ukku zuwa shida na farko ko ka zo daga baya ka share gonar tas ta riga ta tsumbure. Taki ma haka, NPK da wuri cikin sati biyu na farko, yuriya wajen sati biyar zuwa shida, in ka makara kuɗinka ka zubar. Mu kuwa buhunan da munka samu sai munka barbaɗa ma gona ukku kowace ba ta ƙoshi ba.

Shekara ta gaba munka saki ɗaya, munka tara taki da hannu ga biyu, kuma abin da munka girba ya fi na ukkun nan. Damana duk aiki ne amma akwai kwanakin da in ka kuskure su ba su dawowa. Kai ma nemo naka kwanakin, ina ganin safiyarka ce kamar yadda Hajiya ta ce.

Ɗan Kwari:

Ƙari kaɗan, ka duba har da mutanen ba ayyukan kawai ba. Mu a Kantin Kwari kowa ya san 'yan sarinsa na gaske da ke zuwa daga Maraɗi ko Yola ba su da yawa, in sabon kaya ya sauka su ake fara kira kafin a baza. Kana da lambar manyan kwastomominka? Ka taɓa kiransu kafin azumi ka ce su kawo da wuri?

Telan Layi:

Na gode ƙwarai 'yan uwa Allah ya saka da alheri, na yi shiru kwana biyu ne don na zauna da littafin kamar yadda Alhaji ya ce, ni da ƙanina muka yi shi yana rubutu ina karanto masa, har ƙarfe ɗayan dare.

A wata ukun da suka wuce, ban da watan sallah, ayyuka 190 na samu a rubuce. 112 a ciki gyara ne da zif da faci, duka kuɗinsu bai wuce dubu 70 ba, kuma wannan waɗanda na rubuta ne, akwai da yawa da aka ce min a kawo anjima ba a kawo ba. Yunifom da kayan yara 25, wajen dubu 75. Babbar riga 12, ita ce ta fi ba ni mamaki don ni a zatona ita ce ke riƙe da ni saboda kuɗinta ya fi yawa in an biya, ashe in na cire na mai yi wa wuyan rigar aiki da kuɗin motar kai wa da karɓowa abin da ya rage min a duka goma sha biyun bai kai dubu 100 ba, ga zirga-zirga, ga in mai aikin ya makara ni ake zagi. Kaftani kuwa guda 41 ne kawai amma su suka kawo wajen dubu 370. Wato Malam kamar yadda ka ce bai fito 80 da 20 daidai ba, wajen kashi 60 na kuɗin ne daga kusan kashi 22 na ayyukan, amma ya isa ya buɗe min ido.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne maganar Ɗan Kwari. Da na bi sunaye sai na ga 26 daga cikin kaftani 41 ɗin nan daga gida bakwai suka fito, mutum ya kawo nasa ya kawo na 'ya'yansa ya turo ƙaninsa. Kuma wlh su ne waɗanda na fi saɓa wa alƙawari don su ba sa tsayawa a kaina ba sa faɗa, haƙuri suke yi. Mai shaddar nan da na ba ku labari yana cikinsu, na duba na ga sau huɗu ina ɗaga masa rana a wata ukun nan. Akwai wani gida na takwas da a littafin bara suna nan kusan kowane wata, bana ko sau ɗaya ba su zo ba, ban ma lura sun daina ba sai shekaranjiya da nake bin shafukan.

Hajiya na ɗauki shawararki, jiya na jawo keke ɗaya bakin ƙofa na damƙa wa babban yaron gyara, na ce rabin kuɗin nasa ne, ki ga yadda fuskarsa ta washe. Yaron maƙociyarmu ya sake zuwa da rigar ƙanwarsa aka yi masa nan take ban tashi daga tebur ba, kafin sha ɗaya na yanka kaftani huɗu, rabon da in yi haka a rana ɗaya har na manta. Shaddar bawan Allahn nan ma na gama na goge na kai masa har gida da kaina bayan magariba na ba shi haƙuri.

Saura abu biyu da ban yanke ba. Babbar rigar nan in ƙara mata kuɗi ne ko in bar wa mutanen gidajen nan bakwai kawai in daina karɓar ta waje? Sai kuma gidan da suka daina zuwa, ina da lambar maigidan amma ina jin nauyin kira, ban san me zan ce masa ba.

Alhaji Mai Shago:

Babbar riga ka ƙara mata kuɗi daidai wahalarta ka faɗa wa mutum tun kafin ka auna shi, wanda ya ga zai iya ya bari. Shi kuma maigidan nan kar ka kira shi a waya ɗana, ranar Juma'a in an sauko ka wanke ƙafa ka je har gida ka gaishe shi, kar ka yi maganar ɗinki sam, ka ce ka ga kwana biyu shiru ne ka zo duba lafiyar iyali, in akwai inda ka saɓa masa kuma ya yafe maka. In ka dawo ka faɗa mana yadda kuka yi.